Darasi: Kafin a Yaye Rufi, a San Inda Tarkacen Zai Tafi

Darasin wannan fitowa na 'yan sashen gine-gine ne da 'yan sibil da masu koyon ƙididdigar gini, amma duk wanda gidansu ke da rufi kada ya wuce shafin. Wata rana za a sake rufin nan, kuma tunda kai ne ɗan Poli, kai za a kalla a ce, "To malam injiniya, yaya za a yi?"

Ni an taɓa yi mini wannan tambayar, na kuma faɗi jarrabawar. A wani hutu da na je gida Mandera, cikin ƙaramar hukumar Shagari, na tarar kawuna ya yanke shawarar sauke rufin ƙasa na ɗakuna uku ya mayar da su na kwano, don yoyo ya ishe shi. Aka zaunar da ni na yi lissafi. Na ƙirga bandir ɗin kwano, na ƙirga katako da ƙusa, na sa kuɗin kafinta da na magini. Da na ɗan taɓo maganar ƙasar da za a sauke, sai kawu ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ƙasa ta hwa. Mi za a lissahwa ga ƙasa?" Ni ma na yi dariya na rufe littafi.

Kwana biyu da fara aiki, tudun ƙasa da guntayen itace da tsohuwar leda ya cika tsakar gida, ya fita ƙofa, ya tare lungun da mutane da dabbobi ke bi. Kuɗin hannu duk sun tafi wajen kaya. Muna cikin neman na mota sai ruwan farko ya sauka da dare. Hanyar da ruwan unguwa ya saba bi ta toshe, sai ya juya ya shiga zauren maƙwabcinmu, ya jiƙa masa buhunan gero, ya zaizaye gindin katangarsa. Sai da dattawa suka shiga tsakani, kuma abin da aka biya na gyara da na kwasar gaggawa ya fi abin da za a kashe da an tsara tun farko. Abin da wannan dare ya koya mini shi ne darasin yau: tarkacen tsohon rufi wani ɓangare ne na aikin, kamar yadda sabon kwano yake, kuma ana lissafa shi ne kafin a zare ƙusa ta farko.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe, da yadda namu yake

A Amurka, mai sake rufi yakan ɗauki hayar wani ƙaton akwatin ƙarfe marar murfi da suke kira dumpster. Sunan ya samo asali ne daga 'yan'uwan gidan Dempster na garin Knoxville a jihar Tennessee, waɗanda suka ƙera irin wannan akwati a shekarun 1930. Mota ce ke kawo shi ta ajiye a ƙofar gida, ma'aikata su yi ta jefa tarkace a ciki har a gama, sannan ta dawo ta ɗauke. Girmansa da yadi kubik ake faɗa: 10, 20, 30 ko 40. Yadi kubik ɗaya kimanin mita kubik 0.76 ne, saboda haka mai lamba 20 yana cin kusan mita kubik 15. Kowane akwati yana da iyakar kwanaki da iyakar nauyi, wanda ya wuce ya biya ƙari, kuma in a kan titi za a ajiye shi, a garuruwa da yawa sai an nemi izinin hukuma. A Ingila ma haka tsarin yake.

Mu a Mandera da ƙauyukan Boɗinga da Shagari, abin da ke tsaya mana a matsayin wannan akwati shi ne tifa, ko kanta, ko a-kori-kura, ko amalanken shanu, ko jakai da mangala, ko baro. Bambancin da ya kamata ku riƙe shi ne: akwatinsu yana zaune yana jiran ma'aikata, motarmu kuwa ba ta jira. Direban tifa da sawu yake cin abinci, duk awar da ya yi a tsaye asara ce gare shi. Ke nan mu dole mu tanadi wurin tara tarkace na ɗan lokaci, mu kuma shirya lodi kafin mota ta iso. Amma tambayoyin guda huɗu ne nan da can: mene ne tarkacen, nawa ne yawansa da nauyinsa, me zai ɗauke shi, ina za a kai shi.

Mataki na farko: san irin rufin

Rufi iri uku za ku fi haɗuwa da su a yankinmu.

Na farko rufin ƙasa, irin na soro da shigifa. Ana jera azara, wato tsagin giginya, ko wani itace inda azara ta yi tsada, a shimfiɗa zana ko asabari ko karare a kai, yanzu har da leda, sannan a ɗora ƙasa. Kowace shekara kafin damina ana ƙara yaɓe, don haka rufin da ya daɗe ya fi yadda aka gina shi kauri. Ga kuma rawanin da ke kewaye da shi, da indararo.

Na biyu rufin kwano a kan katako, wani lokaci da silin a ƙarƙashi.

Na uku rufin asbestos, wato allunan siminti masu tudu da kwari da aka cakuɗa da zaren wani dutse. Za ku gan shi a tsofaffin makarantu, asibitoci, gidajen ma'aikata da ofisoshin gwamnati. Akwai kuma silin ɗinsa, faffaɗan allo mai ƙafa huɗu kowane gefe, wanda ya shiga gidaje da yawa har a ƙauye. Wannan na uku yana da babinsa daban a ƙasa, kada a tsallake shi.

Mataki na biyu: lissafin yawa da nauyi

Ɗauki tef ka hau ka auna. Kada ka yarda da "ai ba shi da yawa". Mu ɗauki gida irin na kawuna: ɗakuna uku a jere, tsawon rufin mita 12, faɗinsa mita 4. Faɗin fili ke nan mita murabba'i 48.

Kaurin ƙasar kuma ba a cankarsa. Huda rufin a wuri biyu ko uku da ƙarfe ka auna. A ce ka sami santimita 20, wato mita 0.2. Sai ka ninka: 48 sau 0.2, mita kubik 9.6. Rawani: kewayen rufin mita 32 ne, a ce tsayinsa mita 0.3, kaurinsa 0.25, ya ba ka mita kubik 2.4. Jimla mita kubik 12.

Nan ne mutane ke yin kuskure biyu. Na farko, ƙasar da aka daddaɓe in aka farfasa ta takan kumbura, saboda iska ta shiga tsakanin ɓaraguzan. Ƙara kimanin kashi 30 cikin 100: mita kubik 12 ta zama 15.6. Wannan shi ne wurin da za ta ci a tsakar gida da cikin mota. Na biyu, nauyi. Busasshiyar ƙasar gini da aka daddaɓe tana kai kimanin kilo 1,700 a kowace mita kubik. Ninka 12 da 1,700, ka sami kilo 20,400, wato tan 20 da ɗoriya. In kana so kawu ya gane, ce masa nauyin buhun siminti 408 ne, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Lura: da adadin farko ake lissafin nauyi, wato 12, don kumburi wuri yake ƙarawa, ba ya ƙara kilo ko ɗaya. Amma ruwa yana ƙarawa. In ruwa ya daki tudun, za ka biya kuɗin ɗaukar ruwa da sunan ƙasa, ga shi kuma shebur ba ya shiga taɓo da sauƙi.

Yanzu a ce wannan gida rufin kwano gare shi. Saboda gangara da bakin da ya zarce bango, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu: 48 ta zama mita murabba'i 60. Fallen kwano mai ƙafa shida, bayan an cire inda suke hawa kan juna, kimanin mita murabba'i ɗaya yake rufewa. Falle 60 ke nan, bandir uku, tunda bandir falle 20 ne. Irin siririn kwanon da ya cika kasuwa, falle ɗaya kilo biyu zuwa uku ne, duka-duka kilo 120 zuwa 180. Ko an haɗa da katakon da silin, da wuya a wuce tan ɗaya. In kuwa asbestos ne, kowace mita murabba'i kimanin kilo 15 ce, wato kilo 900.

Ku dubi tazarar. Gida ɗaya, faɗi ɗaya: kwano bai kai kilo 200 ba, ƙasa ta haura tan 20. Matsalar kwano da katako tsawo ce da kaifi da cin wuri. Matsalar ƙasa nauyi ce. Wanda bai bambance waɗannan ba, ko dai ya kira tifa ta ɗauki abin da a-kori-kura za ta ɗauka, ko ya kira a-kori-kura ya karya mata gindi.

Mataki na uku: ware kafin ka kwashe

Ba duk abin da ya sauko daga rufi ne shara ba. Tun ana saukewa a yi tsibi-tsibi, don in ya cakuɗe babu lebura mai haƙurin sake tsince shi.

Kwano mai sauran rai ya tafi rumfa, ko garken awaki, ko shingen makewayi. Wanda ya ruɓe na 'yan gwangwan ne, da kilo suke saye, su kuma zo har gida su ɗauka. Ka tsaya a kan sikeli da idonka. Azara mai kyau dukiya ce, giginya tana daɗewa kuma gara ba ta cika cin ta ba, a jingine ta a inuwa. Katakon da gara ta shiga kada ya koma sabon rufi, kada kuma a jingine shi kusa da sabon katako. Wanda aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara ko fenti kada a ba mata su yi girki da shi, hayaƙinsa guba ne. Tsohuwar leda a ɗaure ta a buhu, don akuya da saniya suna cin ta, ta cushe musu ciki.

Ita kuwa ƙasar, tambayi kanka nawa za ka iya amfani da ita a nan cikin gida. A misalinmu, ɗakuna uku masu mita 3.6 kowane gefe suna da daɓen kimanin mita murabba'i 39. In za a ɗaga daɓen da santimita 10 kafin a zuba siminti, ya cinye mita kubik 3.9 na ciko. Saura 8.1, nauyin kimanin tan 14. Magina kuma sun san tsohuwar ƙasar gini tana sake kwaɓuwa a yi tubali ko yaɓe. Ka tambayi maƙwabta, wataƙila wani yana neman ciko, ya zo da amalankensa ya ɗauka kyauta, kowa ya huta.

Sai ƙusa. Kowane fallen kwano yana zubar da ƙusoshi da yawa, suna ɓuya cikin ƙasa. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, tsatsa ba ita ke haifar da ita ba. Ƙusa ce ke buɗe mata ƙofa mai zurfi a tafin ƙafa. Wanda ya taka, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta a kai shi asibiti a duba maganar allura, kada a tsaya ɗiga masa man birki. Shanu ma suna haɗiye ƙusa cikin harawa ko dusa, ta huda tumbi, wani lokaci har ta kai ga zuciya. Dabara mai sauƙi: cire maganaɗisun tsohuwar lasifika, ɗaura masa igiya, a ba yaro mai takalmi ya ja shi a tsakar gida da lungu kowace yamma bayan an tashi aiki.

Babi na musamman: asbestos

Zaren asbestos siriri ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Muddin allon yana zaune lafiya bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka fasa shi, ko aka yanka da zarto, ko aka wurgo shi daga sama, zaren ya tashi cikin iska, a shaƙa, ya maƙale a huhu. Yana jawo ƙanƙancewar huhu, da kansar huhu, da kansar fatar da ta lulluɓe huhu. Mugun halinsa shi ne jinkiri: sai bayan shekara 20, 30 ko fiye ciwon ke bayyana, lokacin lebura ya manta ma da aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa yana jawo kansa, ta kuma ƙiyasta cewa mutum fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Amurka kuma ta fitar da dokar hana nau'in da ya rage a 2024.

Akwai sababbin alluna masu kama da shi waɗanda ba su da wannan zare, amma ido ba ya rarrabewa. Ƙa'idarmu: duk tsohon allo a ɗauke shi a matsayin asbestos.

Ga yadda ake yi. A fitar da yara da mata da dabbobi, a rufe tagogin maƙwabta, a rufe randuna da rijiya. A jiƙa allon da ruwa kafin a taɓa shi da lokacin da ake cirewa. A kwance ko a yanke ƙusar, a zare allon ɗungurungum, a sauko da shi da igiya ko hannu da hannu. Ba a taka shi kai tsaye, tsohon allo yana ɓurmawa da mutum, sai a shimfiɗa katako a taka. A jera su a kan leda mai kauri, a naɗe ninki biyu, a ɗaure, a rubuta abin da ke ciki. Ɓurɓushin a kwashe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya a bushe. Takunkumin yadi ko ɗaure hanci da rawani ba ya tare wannan zare, mai lamba P3 ko P100 ake nema. Kayan aikin kada a tafi da su gida a ba iyali su wanke.

Abu mafi muni da nake gani shi ne a farfasa allunan a zuba a ramin hanya da sunan taimako. Kowace mota da babur da ta bi ta kai sai ta niƙa shi, hunturu ya zo ya raba wa unguwa. Kada asbestos ya shiga ciko, kada ya shiga gona, kada a ba 'yan jari-bola. Kafin a sauke shi a je sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, wato wajen duba-gari, ko hukumar kare muhalli ta jihar Sakkwato, SEPA, a tambayi inda za a binne shi. A matakin tarayya akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin tsabtar muhalli da shara na 2009 da na harkar gine-gine na 2011. Duk wanda zai ci abinci da gini ya kamata ya nemo su ya karanta.

Mataki na huɗu: zaɓen abin ɗauka

Kada ka yi ciniki da sunan mota, yi da awonta. "Tifa" kalma ce kawai, akwai mai taya shida, akwai mai taya goma. Sa tef a bodin. A ce tsawonsa mita 4, faɗi 2.2, zurfi 0.6: mita kubik 5.28. Ta fuskar wuri, ƙasarmu mai mita kubik 15.6 sawu uku ce. Amma raba tan 20.4 gida uku, kowane sawu tan 6.8 ne. In ƙarfin motar tan 5 ne, sawu huɗu ba su isa ba, sai biyar. Kullum ka yi lissafin biyu, na wuri da na nauyi, ka ɗauki wanda ya fi yawan sawu. Masu hayar akwati a Amurka ma da haka suke fama: akwati bai cika ba, amma nauyi ya kai iyaka. In kuwa ka riga ka cire na ciko, tan 14 ta rage, sawu uku ke nan. Warewar da ka yi ta rage maka sawu biyu.

Sai hanya. Daga babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, hanyoyin shiga ƙauyuka da yawa na ƙasa ne da rairayi. Motar da ta shigo wayam ba lalle ta fita da lodi ba. Ka bi hanyar da ƙafa tun daga ƙofar gida: faɗin lungu, kwanar da za ta juya, wayar wuta, kwalbati, ramin masai da aka rufe. Tifa mai lodi ta taka bakin shadda, labari ya canja.

In mota ba za ta kai ƙofa ba, sai baro ya kai mata. Baro yana ɗaukar kimanin lita 65, ke nan mita kubik 15.6 baro 240 ne. Wannan aikin yini ne na mutane da yawa, kuɗinsu ya shiga lissafi. Amalanken shanu kuwa, in muka ɗauka yana jan rabin tan, sawu 41 zai yi. Kamar da yawa, amma in wurin zubarwa yana bakin gari, kuma aikin na kwana huɗu ne ko biyar, sau da yawa shi ya fi dacewa. Yana shiga lungu, yana kwashewa kullum tudu bai taru ba, kuɗin kuma ya tsaya a hannun ɗan gari.

Ga wata dabara. Abin da ke sa hayar mota tsada a ƙauye shi ne tafiyar da take yi wayam daga inda take zuwa gare ka, ga man gas da tsada. To ai sabon aikin yana bukatar yashi da bulo da siminti. Ka daidaita ranaku yadda motar da ta kawo kaya za ta fita da tarkace. Direba ya ci biyu a tafiya ɗaya, kai kuma ka sami ragi.

Mataki na biyar: ciniki

Ban rubuta farashi ba, don yana tafiya ne da kuɗin mai, abin da na rubuta yau ba zai kai fitowa ta gaba ba. Tambayi mutum uku kafin ka tsayar. Abin da ba ya canjawa shi ne abubuwan da za a yi magana a kansu a gaban shaida, a kuma rubuta ko da a saƙon waya ne:

1. Mene ne sawu ɗaya? Daidai bakin bodi, ko har da tozo? Da sawu za a biya, ko da yini, ko kwangilar tudun gaba ɗaya?
2. Wa zai yi lodi? In leburorin direba ne, kuɗinsu yana ciki ko daban?
3. Ina za a zubar, kuma wa ya ba da izinin wurin?
4. Wace rana, ƙarfe nawa, kuma in mota ta jira ko ta makara, wa ke ɗaukar asarar?
5. In ta kafe a rairayi ko ta goge katangar wani, wa zai biya?
6. Nawa ne kafin alƙalami? Sauran a biya sawu-sawu, wani yana ƙirgawa a takarda.
7. A rufe lodin da tamfol, kwano da katako a ɗaure su da igiya.

Direba ba abokin faɗa ba ne. "Maigida, don Allah mu auna bodin nan tare, kada in cuce ka, kada ka cuce ni" ta fi "ai na san halinku" saurin kawo ragi. In dillali ne ya haɗa ku, a faɗi la'adarsa a fili tun farko.

Mataki na shida: inda za a zubar

Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa. Mota ta fita daga lungu, mai gida ya ce alhamdu lillahi, bai san direba ya juye ta a bakin gonar wani ko cikin magudanar ruwa ba. Tarkacen naka ne har ya isa inda aka amince. A sawun farko ka hau motar, ko ka tura ƙanenka.

Wuraren da ba a zubawa: hanyar ruwa, bakin kwalbati, burtali, mashayar dabbobi, kusa da rijiya, gonar da ba a tambayi mai ita ba. Kududdufi yana jan hankali don rami ne a buɗe, amma ka tuna nan ruwan unguwa ke taruwa da damina. In aka cike shi ba tare da an yi wa ruwan wata hanya ba, gidaje zai nufa. Ka je wurin mai unguwa ko hakimi, su suka san ramin da ake son cikewa da wanda ba a taɓawa. Ƙasa mai tsabta, marar ƙusa da leda, ita kaɗai ce ta cancanci zama ciko.

Wurin tarawa na ɗan lokaci ma a zaɓe shi kafin a fara: cikin gida in da hali, nesa da gindin katanga, nesa da hanyar ruwa, kusa da inda mota za ta tsaya. A gaya wa maƙwabta ranar farawa da ranar kwashewa. Sallama ta minti biyar ce, da mun yi ta da ba a kai ga dattawa ba.

Lokaci

Damina a yankin Sakkwato daga wajen Yuni take zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta, kuma guguwar da ke yaye rufi takan zo ne a farkonta. Shi ya sa mutane ke rububin gyara a watan Mayu, daidai lokacin da kafinta da mota suka fi wuyar samu, hadari kuma yana iya haɗuwa kowace yamma. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu: hanya ta bushe, ƙasa ba nauyin ruwa, shanun amalanke sun huta da aikin gona, hannun mutane da ɗan abin amfanin gona. Sai dai a kula da iska, a riƙa yayyafa wa tudun ruwa kaɗan don ƙura, kuma ba a sauke asbestos ranar da iska ke kaɗawa. In aikin ya faɗo cikin bazara, a fara da asuba a tashi kafin rana ta take, kwano yana ƙona hannu.

Aikin gida

Wani ajin firamare yana da rufin kwano mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, da tsohon silin na allo a ƙarƙashi. A gefensa akwai ɗakin ajiya mai rufin ƙasa, mita 4 da mita 3, kaurin ƙasar santimita 25, babu rawani. Motar da ake da ita bodinta mita 3 ne da 1.8 da 0.5, ƙarfinta tan 3. Lissafa fallen kwano nawa za a sauke, ƙasar mita kubik nawa ce kafin kumburi da bayansa, nauyinta nawa, sawu nawa za a yi. Sannan ka rubuta layi biyar kan abin da za ka yi da silin ɗin kafin kowa ya hau tsani.

Wanda zai tafi SIWES a wannan zango, ya duba takardar ƙididdigar aikin da aka tura shi, ya ga ko akwai layin kwashe tarkace a ciki, ya kuma tambayi mai kula da wurin inda motar ke kai shi. A kawo amsoshin ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin fitowa ta gaba, za mu buga wadda ta fi daidai tare da gyaran kurakuran da aka fi yi. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.